IGI, Medal of Honor ko Call of Duty: wanne ya cancanci ka sake sakawa a laftof ɗinka?

Wani abokina da muka yi sakandare tare a Zariya ya kira ni watan jiya. Ya sayi laftof ta hannu don lissafin shago, kuma tun ranar da ya kawo ta gida yake jin kwaɗayin gem ɗin sojojin nan da muka ƙarar da ƙuruciyarmu a kansu. Ya ce, "Mutumina, kai ne ba ka zubar da tsofaffin kaya. Ni awa ɗaya nake samu bayan isha'i, wata rana ma ba na samu. Guda ɗaya zan saka, wanne ne?" Saura kaɗan in ce masa IGI, don shi ne ya fara faɗo mini a rai, kamar yadda zai faɗo wa duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar tebur a shekarun 2000. Sai na danne, na ce ya ba ni mako uku. Na zaro tsofaffin faifaina na sake buga su ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na tarar ya sha bamban da abin da zuciyata take riƙe da shi.

A zamaninmu gidan gem na ƙwallo ne: PS2, talabijin, benci, wanda aka ci ya tashi. Gem ɗin harbi kuwa sai a kwamfuta, ko ta yayanka ɗan jami'a, ko ta shagon buga takardu idan mai shagon na hannunka ne. Mutum ɗaya ke riƙe da maus, biyar suna tsaye a kansa suna ihu, "Ga shi can a sama! Sa harsashi!" Turancin ma rabi muke ji, labarin kuwa mu muke ƙirƙirar namu. Wannan taron shi ne rabin daɗin, kuma babu faifan da zai dawo maka da shi. Saboda haka da ido ɗaya na duba kowanne: idan aka cire abokai da ƙuruciya, aka bar magidanci shi kaɗai da dare, ga wutar da ba ta da alƙawari, ga yara suna leƙowa, me ya rage a cikin gem ɗin?

Project IGI shi ne wanda aka fi kewa, don haka da shi na fara. Wani ƙaramin kamfani na ƙasar Norway, Innerloop Studios, ya ƙera shi, Eidos ya fitar da shi a ƙarshen shekarar 2000. Kai ne David Jones, tsohon sojan kundumbalar Birtaniya, an tura ka yankin tsohuwar Tarayyar Sobiyet neman kan makamin nukiliya da aka sace, wata mata mai suna Anya tana yi maka jagora ta rediyo. Mataki 14 ne. An ɗora shi a kan injin wani gem na tuƙin jirgin yaƙi da kamfanin ya yi tun farko, shi ya sa filinsa yake da faɗi haka, tsaunuka har iya ganinka. Wannan faɗin bai tsufa ba ko kaɗan. Ka tsuguna a kan tudu, ka zaro madubin hangen nesa, ka ƙirga masu gadi, ka lura da yadda kamara take juyawa, ka buɗe taswira, sannan kai da kanka ka zaɓi ta inda za ka shiga. A matakin farko, na tashar jirgin ƙasa, hannuna ne ya kai ni tankin ruwan nan ba tare da na yi tunani ba. Na hau tsani, na ɗauke Dragunov ɗin mai gadi, bindigar harbin nesa mai madubi, na zame ta kan waya. Sai da na ji ƙirjina ya cika.

Daɗin bai kai ni dare na uku ba. IGI ba shi da sebin, wato ajiye wasa daga inda ka tsaya, a tsakiyar mataki, ko guda. Ka yi minti arba'in kana laɓe-laɓe, ka kusa ƙofar ƙarshe, wani mai gadi ya ɓullo ta lungu ya zuba maka, shi ke nan an mai da kai farko. Idan kamara ta gan ka jiniya ta tashi, sojoji za su yi ta fitowa daga ɗakin barikin da ka tabbatar yanzu ka leƙa babu kowa. Hankalin abokan gabar ma babu tsari: wani za ka harbe abokinsa a gefensa bai motsa ba, wani kuma zai hango ka daga inda kai ba ka ko ganin inuwarsa. Muna yara wannan bai dame mu ba, domin muna da Asabar sukutum, kuma idan ka mutu wani ne zai karɓa, kai ka koma cikin masu ihu. Mai awa ɗaya fa? Zai iya kwana huɗu a mataki guda. In kuma batirin laftof ɗin ya mutu, kamar yadda na yawancin na hannu yake, to ɗauke wuta da harsashin mai gadi duk abu ɗaya suke yi maka.

Wanda abin da yake kewa shi ne laɓewar da lissafin, gara ya nemi IGI 2: Covert Strike, wanda Codemasters ya fitar a 2003. Mataki 19 ne, an ba ka damar sebin ƙayyadadde, kana iya kwanciya ka ja ciki, ga tabarau mai nuna zafin jikin mutum. Jini ɗaya ne da na farkon, sai dai ya fi shi tausayi. Na farkon kuwa ka buga matakai biyu ko uku don gaisawa da ƙuruciya, amma kada ka ɗaura niyyar ganin ƙarshensa sai in kana da haƙurin mai kamun kifi.

Medal of Honor: Allied Assault ya fito a farkon 2002. Jerin ya faro tun 1999 a PlayStation na farko, kuma Steven Spielberg ne ya kawo tunaninsa bayan fim ɗin Yaƙin Duniya na Biyu da ya fitar a 1998, shi ya sa komai nasa yake da ƙamshin silima. Kai ne Laftanar Mike Powell. Za ka fara a Arzew ta Aljeriya cikin dare a bayan motar sojoji, ka wuce Norway ka sa kakin Jamusawa kana nuna takardar shaida har ka kutsa cikin jirgin ruwa mai nitso ka dasa masa bam, sannan a jefa ka gaɓar Omaha a Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yunin 1944.

Omaha ɗin nan ita ce dalilin da har yau ake maganar gem ɗin. Kana cikin kwalekwalen ƙarfe, ruwa yana fantsama, bama-bamai suna tashi a gefe, kwalekwalen kusa da ku ya tarwatse. Ana sauke ƙofa mutanen gabanka suka zube. Bindigarka ba ta da wani amfani a nan, aikinka kawai ka gudu daga wannan ƙarfe zuwa wancan kana sauraron lokacin da mashinga za ta yi shiru. Na yi zaton bayan shekara ashirin da ɗoriya abin zai zama wasan yara a idona. Hoton ya tsufa, fuskokin kamar an sassaƙa su da wuƙa, amma sautin bai tsufa ba, kuma da iyafis a kunne sai da tafin hannuna ya jiƙe. Kiɗan da Michael Giacchino ya tsara masa shi ma yana da nauyi irin na makoki, abin da ban taɓa lura da shi ba a hayaniyar shagon buga takardu.

Inda shekaru suka nuna shi ne a riƙon bindiga. Ba ka iya ɗaga ta saitin ido sai mai madubi, ba ka iya kwanciya, layif ɗinka kuma sai ka tsinci gorar ruwa ko akwatin magani. Akwai wani mataki a rusasshen gari cikin ruwan sama wanda maharban nesa suka cika, ba ka ganin su sai sun kashe ka. Nan kam babu dabara illa ka danna F5, maɓallin sebin, bayan kowane taku. To amma ka ga, F5 ɗin tana nan, kuma ita ce babbar falalarsa a kan IGI: ko ana kiran ka a ƙofar gida, danna ɗaya ka ajiye wasanka. Ba shi da jini ko ɗigo, wanda aka harba faɗuwa kawai yake yi. A cikinsu duka shi ne na fi samun natsuwar bugawa a falo.

Call of Duty na farko ɗan cikinsa ne. Mutum 22 daga kamfani mai suna 2015, wanda ya yi Allied Assault, cikinsu har da Vince Zampella da Jason West da Grant Collier, suka fice suka kafa Infinity Ward a 2002, suka haɗa kai da Activision, gem ɗinsu ya fito a Oktoban 2003. Duka biyun a kan injin Quake III aka gina su, don haka nauyinsu a kwamfuta kusan ɗaya ne. Abin da suka sauya shi ne matsayinka a fagen daga. A Medal of Honor sau da yawa kai kaɗai ne jarumin da zai share sansani guda. A Call of Duty kai ɗaya ne cikin gungu, ana mutuwa a dama da hagunka, kuma kana zama mutum uku: Ba'amurke cikin sojojin laima a Normandi, Baturen Ingila a gadar Pegasus, sai Barashe a Stalingrad. Nan ne ake tsallaka da kai kogin Volga a miƙa maka harsasai babu bindiga, a ce ka yi gaba, wanda ya juyo kuma nasu ne za su harbe shi.

Shi ne ya saba mana da ɗaga bindiga saitin ido da kwanciya a ƙasa da leƙe ta gefen bango, abubuwan da yanzu hannun duk mai buga gem ɗin harbi ya ɗauka dole ne. Idan tsakanin waɗannan biyun ne kawai, ga yadda zan raba: mai son shiru, ɓad da kama da aikin mutum ɗaya ya ɗauki Allied Assault, mai son rugugin yaƙi da riƙe gida ana kawo farmaki ta kowace taga, kamar gidan Pavlov a Stalingrad, ya ɗauki Call of Duty. Sai dai ban ba abokina shawarar ko ɗaya ba, saboda ƙaninsu na 2005 ya tattara abin da suke da shi ya kuma gyara musu zama.

Call of Duty 2 yana buɗewa ne a kusa da Mosko cikin hunturun 1941, ana koya maka jifan gurneti da dankalin Turawa saboda gurnetin gaske ya fi ƙarfin a ɓarnatar a atisaye. Daga nan sai Stalingrad, kana rarrafe cikin bututu Jamusawa suna huda shi daga ƙasa, ko kana bin wayar tarho kana ɗaure inda ta tsinke. Sai a ɗauke ka zuwa hamadar Arewacin Afirka tare da Turawan Ingila: El Alamein a 1942, yaƙin tankoki a Libiya, sannan garuruwan Tunisiya irin su Toujane da Matmata. Wannan ɓangaren ya fi kwanta mini, ƙila don gidajen ƙasa da soraye da lungunan da ƙura sun yi kama da inda na sani. Daga baya ka hau dutsen Pointe du Hoc na Normandi da igiya tare da Amurkawa, tsayin kusan mita 30, ana harbi daga sama. Matakansa sun fi na farkon buɗewa, wani lokaci a ba ka gidaje da yawa a ce ka share su ta jerin da ka ga dama. Ga gurnetin hayaƙi, wanda da shi kake tsallaka titin da mashinga ta tsare.

A nan ne aka cire akwatin magani. Idan an ji maka ciwo allon ya yi ja, numfashinka ya yi nauyi, ka laɓe na ɗan lokaci ka warke. Tsofaffin 'yan gem sun yi ta ƙorafi a kan wannan, suna cewa an mai da yaƙi wasan ɓuya, kuma suna da gaskiyarsu, domin tsoron nan na tafiya da ɗan guntun layif kana addu'ar ganin magani ya tafi. Ni ma da can ina cikinsu. Yanzu na sauya ra'ayi. Gem ɗin da kansa yake yi maka sebin a kai a kai, don haka ko wuta ta ɗauke, 'yan mintuna kaɗan ka rasa. Ba ka taɓa maƙalewa saboda an ajiye ka da layif ɗin da ba zai kai ka ko'ina ba. Matakan kuma gajeru ne daidai zaman dare ɗaya: ka gama guda, ka rufe laftof, ka kwanta da jin cewa ka yi gaba.

Yana da nasa aibin. Ba a gudu da sauri a cikinsa, wanda ya saba da na zamani zai ji kamar an ɗaure masa ƙafa a rabin awar farko. A wasu wuraren Jamusawa ba sa ƙarewa sai ka matsa gaba, in ka tsaya harbi daga nesa za ka kwana a nan. A mataki mafi wuya kuwa gurneti kamar ruwan ƙanƙara yake sauka, don haka ka bar shi a matsakaici. Labarinsa ma ba wani labari ba ne, da wuya ka riƙe sunan sojan da kake. Duk da haka, a cikin duk waɗanda na gwada, shi ne wanda abin da na tuna da abin da na tarar suka fi kusa da juna.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai ina cikin buga waɗannan ukun. An zaga da ni Faransa da Rasha da Masar da Tunisiya, amma ban ga baƙar fuska ɗaya irin ta kakanninmu ba, alhali dubban 'yan Afirka ta Yamma sun yi wannan yaƙin. Runduna ta 81 da ta 82 sun fafata da Japanawa a dazukan Bama, kuma Hausa ce harshen bariki ga da yawansu. Sunan barikin Chindit da muke wucewa ta gabansa a Zariya, da Dalet a Kaduna, da Dodan a Legas, duk daga can suka samo asali. Sai a 2018 Battlefield V ya ware wani ɓangare ga sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi. Duk wanda zai bar ɗansa ya kalli waɗannan gem ɗin, ya kyautu ya ba shi labarin Yaƙin Bama da bakinsa, don allon ba zai ba shi ba.

Call of Duty 4: Modern Warfare, na Nuwamban 2007, shi ne ya fi su duka iya aiki, wannan ba abin musu ba ne. Bindigar tana da nauyi a hannu, harsashi yana huda katako da siririn bango, ana gudu, ana sara da wuƙa, komai yana tafiya sumul. Shi ne kuma kaɗai wanda labarinsa yake riƙe mutum. Kana Soap, sabon shiga a rundunar Kyaftin Price, kana kuma Saje Paul Jackson na sojojin ruwan Amurka a wata ƙasar Larabawa da ba a ambaci sunanta ba. Tun a farko ake saka ka a jikin shugaban ƙasar da aka hamɓarar, ana zagayawa da kai cikin mota zuwa inda za a harbe ka, ba ka iya komai sai juya kai. Sunansa Al-Fulani, abin da ya sa muka yi ta mamaki a lokacin. Daga baya na gane a Larabci kalmar tana nufin "wane" ne kawai.

Matakin da kowa ke tunawa shi ne na Pripyat, garin da aka watse aka bari bayan fashewar tashar nukiliyar Chernobyl a 1986. Ku biyu ne kacal, kai da Kyaftin MacMillan, cikin rigar ciyawa. Akwai inda za ku kwanta a fili motocin sulke da sojoji su bi ta gefenku, takalmi yana sauka dab da fuskarka, kai kuwa ko motsi. Wannan shi ne abin da IGI ya so ya ba mu, sai dai a nan an shirya maka kowane taku, ba kai ke zaɓar hanya ba. Shi ne cinikin da za ka yi: IGI ya sakar maka fili ya hana ka sebin, Call of Duty 4 ya kama hannunka ya nuna maka abin mamaki. Gaba ɗayansa awa shida zuwa bakwai ne, wato mako guda ga mai awa ɗaya.

Me ya hana in ce shi ne? Zuciyata ce ba ta zauna ba. Akwai matakin da kake cikin jirgin AC-130 kana kallon ƙasa ta kamarar zafi, mutane sun zama 'yan fararen ɗigo suna gudu, kana danna maɓalli suna ɓacewa, ma'aikatan jirgin suna magana cikin sanyin murya kamar masu hirar kasuwa. A 2008 wannan ne matakin da muke rububi. Yanzu, bayan duk labaran da muka sha ji na bam daga sama ya sauka a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba, na kasa buga shi da irin wancan nishaɗin. Haka ma ƙarar AK-47 a cikin lungunan gari mai kama da namu. Da yawa daga cikinmu sun ji wannan ƙarar da kunnensu cikin dare tun daga wancan lokacin, wasu sun rasa 'yan'uwa. Masu gem ɗin ba su ɓoye munin yaƙi ba, wurin da Jackson yake rarrafowa daga tarkacen jirgi bayan tashin nukiliya ya isa shaida. Amma hukumar tantance gem ta Amurka ta sa shi a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama, alhali Allied Assault da Call of Duty na ɗaya da na biyu suna rukunin 13. Idan za ka buga shi, ka sa iyafis, ka jira yara su yi barci, kuma ka tuna da wanda ke ɗakin kusa da abin da ƙarar za ta iya tuna masa.

Inda ba shi da na biyu shi ne idan kuna da yawa. Laftof uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, ku haɗa su da waya ko da rauta, babu buƙatar data. Ka kashe uku a jere a nuna maka inda abokan gaba suke, biyar ka kira jirgin yaƙi, bakwai ka kira helikwafta. Abokin takararsa a nan Counter-Strike 1.6 ne, wanda ya faro a 1999 a hannun Minh Le da Jess Cliffe, kuma kowace irin kwamfuta tana jan sa. Sai dai Counter-Strike ba shi da labari, in babu mutane babu shi, kuma wanda ya fi ku iyawa zai hana kowa sakat.

Delta Force: Black Hawk Down na kamfanin NovaLogic, wanda ya fito a 2003, shi ne kaɗai na goge kafin in kai ƙarshe. An gina shi a kan abin da ya faru a Somaliya, musamman faɗan Mogadishu na 3 da 4 ga Oktoban 1993, inda aka harbo jirage masu saukar ungulu biyu, aka kashe sojojin Amurka 18 da ɗaruruwan Somaliyawa. A gem ɗin kana zaune a ƙofar jirgi ko a saman mota kana feshin wuta cikin unguwanni. Ta fuskar wasa ma ya yi rauni, abokan tafiyarka ba sa tsinana komai, maƙiyan kuma tururuwa kawai suke yi. Amma abin da ya fi damuna shi ne fuskokin da ake ce mini in harba, da rufin kwanon, da kasuwar. Kuma wannan yaƙin bai yi mana nisa ba: sojojin Najeriya suna cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a can, an kashe bakwai daga cikinsu a kwanton ɓauna a watan Satumban shekarar, kuma ranar da aka saki matuƙin jirgin Amurka Michael Durant, tare aka sake shi da wani sojan Najeriya, Umar Shantali. Wanda yake kewar faɗin filin Delta Force da harbin nesa, na farkon na 1998 yana nan, har da ɓangaren da aka kai shi hamadar Chadi, illa dai hotonsa yanzu sai ka ƙanƙance ido kafin ka bambance mutum da dutse.

Sauran ba sai na daɗe a kansu ba. Black na 2006, wanda 'yan PS2 suke tunawa da ƙarar bindigarsa da rugurguza gini, bai taɓa fitowa a kwamfuta ba, sai ta manhajar PCSX2 mai kwaikwayon PS2, ita kuma tana son inji mai ɗan ƙarfi. Battlefield 1942 an yi shi ne don mutum 64, da sojojin kwamfuta kaɗai lami ne. Soldier of Fortune na 2000 da Call of Duty: World at War na 2008 suna nuna gutsurewar gaɓoɓi ƙarara, gidan da akwai yara ba wurinsu ba ne.

Ta ɓangaren inji kada ka damu. IGI bai kai giga 1 ba, Call of Duty 2 yana neman wajen giga 4, na 4 kuma giga 8, kuma laftof mai Core i5 da RAM giga 4 za ta ja su duka, ko da za ka rage wa na ƙarshen kyan hoto. Idan Call of Duty 2 yana sarƙewa, shiga saitin hoto ka mai da shi DirectX 7, nan take zai saki jiki. Idan ɓangaren wasan taro na 2 ko na 4 ya ƙi buɗewa, jona iyafis mai makirufo ka sake gwadawa, tsohuwar matsala ce sananniya. Allied Assault an yi shi ne don allo mai murabba'i, sai ka ɗan gyara fayil ɗin saitinsa kafin ya cika allo mai faɗi, IGI kuma a sabuwar Windows wani lokaci sai da taimakon manhajar dgVoodoo2. Allied Assault da ƙarinsa biyu, Spearhead da Breakthrough, suna shagon intanet na GOG a dunƙule, kuma in ka sauke ba ya sake neman intanet. Tsofaffin Call of Duty suna shagon Steam, da tsada in aka duba shekarunsu, don haka ka jira ragin tsakiyar shekara ko na Disamba. Laftof ɗin da lissafin shagonka yake ciki kuwa, kada ka kai ta shafukan "sauke kyauta", domin abin da ke biyo fayil ɗin ya fi kuɗin gem ɗin tsada.

Da mako ukun suka cika na kira abokina na ce ya saka Call of Duty 2, ya bar shi a matsakaicin wuya, in ya gama ya ga har yanzu yana jin ƙishi sai ya koma Allied Assault. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To IGI fa?" Na ce ya zo gida ya buga tashar jirgin ƙasan a tawa, batirina yana riƙe awa biyu. Shekaranjiya ya turo mini saƙo cewa ya fita daga Stalingrad ya shiga hamada. Ranar Asabar zai zo da laftof ɗinsa da wayar haɗi, mu gwada filin Toujane na wasan taro mu biyu bayan la'asar.